Notin Kurfi a Jirgin Haya

Tun da na dawo ba a bar ni na sha iska ba. A ƙofar masallaci tambaya, a kasuwa tambaya, har mai faci na bakin tasha, wanda rabonsa da gaishe ni tun zaɓen da ya wuce, ya tare ni yana cewa, "Baba Iro, yaya ƙasar Turawa?" To ga shi na zauna na rubuta da ɗan bokon da na tsinta kafin gareji ya ɗauke ni, kowa ya karanta ya ƙyale ni. Kuma in faɗa tun da wuri don kada wani ya riga ni: akwai wawa guda ɗaya a cikin labarin nan, da hulata ya tafi, da ita kuma ya dawo.

Duk wanda ya san tashar Dutsin-Ma a da ya san Sabi'u, yaron motata, mai kwana a kan buhunan gero a bayan gingimarina. Yau shi ne Alhaji Sabi'u mai kamfanin jiragen sama. Ba babban kamfani ba ne, amma dai jiragen suna tashi kuma suna sauka, wanda gingimarin ma ba kullum take cika duka biyun ba. A wurinsa jikata Bilkisu take aiki. Injiniya ce. Ita ke duba jirgi ta sa hannu cewa lafiya lau yake.

Rannan Alhaji ya zo Kurfi gaishe ni, ya cire takalmi ya zauna a gefen tabarma kamar yadda ya saba. Ya ce wa'adin hayar jirginsa guda ya cika, za su mayar wa masu shi a wata ƙasa da ake kira Ayilan. Masu jirgin sun ba shi zaɓi: ko ya saye shi ɗungurungum, ko ya ajiye musu ya ɗauki wani haya.

Na ce, "Dakata, Sabi'u. Jirgin da aka rubuta sunanka a jikinsa da haruffa masu tsawon mutum, haya ne?"

Ya ce, "Haya ne, Baba."

"Inna lillahi! Ni da nake nuna shi a sama ina ce wa mutane ga na yarona? Ashe motar maƙwabci nake wa kirari?"

Ya yi dariya ya ce in saurara. Wai in ka sayi jirgi, ka saye shi da ciwonsa na yau da na gobe. Bayan 'yan shekaru dole a kai shi a kwance shi kaf, har kujeru, a leƙa ƙasusuwansa. Injinsa kuwa in lokacin buɗe shi ya yi, ko da lafiyarsa ƙalau, sai an buɗe, kuma abin da za ka kashe ya isa ka yi kuka. In ya tsufa kai ne da tsufansa. Na haya kuwa, in wa'adi ya cika ka miƙa ka karɓi mai jini a jika. Sai dai akwai sharaɗi: ka mayar da shi yadda aka yi alkawari, ba ragi ba ƙari.

Na ce, "Wannan ai shanun huɗar Jauro Buba ne."

Jauro Buba na Kutawa yana ba da bijimai haya da damina, ko da mai kora ko kai ka kora da kanka. Ranar mayarwa sai ya buɗe wa bijimi baki, ya ɗaga kofato, ya shafa wuya ya ji ko karkiya ta ci fata, sannan ya dube ka kamar kai ma zai ɗaga maka kofato. Saboda wannan duban ne ban taɓa ɗaukar komai haya ba. Na ce wa Alhaji namiji saye yake yi. Abinka naka ne, ka gyara shi yadda ka ga dama, ba mai ce maka don me.

Ya ce, "To Baba, taho mu je tare ka ga jirgin da masu shi, sai ka ba ni shawara." Da wasa ya faɗa. Ni kuwa ban ɗauke ta wasa ba, washegari na aika masa da hotona.

Da aka gama hidimar fasfo da biza, Bilkisu ta zo da mota ɗaukata. Dije, uwargidana, ta rako mu zaure tana ɗaure mini hannun jaka da waya da robar tayar keke, don hannun ya daɗe da tsinkewa. Ta ce wa Bilkisu, "Aro na ba ki. Yadda kika ɗauke shi haka za ki dawo mini da shi."

Daga Kurfi zuwa Dutsin-Ma ban ce komai ba sai gyaran tuƙin direba. Daga Dutsin-Ma zuwa Kankiya kuwa Bilkisu ce ta yi ta karanta mini hadda. Ta ce duk wani ƙarfe da ke jikin jirgi, komai ƙanƙantarsa, yana da takardar haihuwa: wa ya ƙera shi, yaushe aka ɗaura shi, hannun wa ya ɗaura. Ta ce ita ta bi cikin jirgin nan kujera kujera ta sa hannu cewa komai daidai yake da takardarsa. "In suka sami abu ɗaya wanda ba su san ubansa ba, Kaka, lasin ɗina za a karɓe, kuma ba mai sake ba ni ko keke in duba. Don Allah, don Annabi, kada ka taɓa komai."

Na ce, "Ke, tun ubanki yana tsere da kaji nake kwance inji."

Ta ce, "Shi ya sa nake roƙonka."

A filin jirgi na Kano masu bincike suka lalube ni suka ƙwace sufana da filaya. Notina guda uku da ke aljihun 'yar-ciki kuwa suka jujjuya su suka mayar mini, wai tsoho ne, ƙila na magani ne. Notin nan na gingimarina ne. Su kaɗai suka rage mini daga gare ta, kuma ba na tafiya ba su.

Ban taɓa ganin abin tausayi irin jirgin da ba fasinja ba. Kujeru reras kamar sahun Idi an watse. Mu ne kawai: matuƙa biyu, Alhaji, Bilkisu, da ni. Sai akwatunan takardun jirgin da aka jera a baya, waɗanda in aka ɗora wa jaki sai ya zauna ya yi tunani. Muna tashi Alhaji ya yi barci da baki buɗe, yadda yake yi a kan buhunan gero. Bilkisu ta shige cikin akwatunanta. Na yi salla a zaune bayan na aika an tambayi matuƙi alƙibla, ya ce a gaya mini tana canzawa. Na ce ba a taɓa yi ba, amma na bar shi da Allah.

Zaman ya ishe ni, na tashi ina zagayawa. Ban taɓa komai ba, na rantse, sai da na dafa hannun wata kujera don in huta. Hannun ya ɗaga sama. Na mayar da shi ƙasa, na ja, ya sake ɗagawa. Na gwada na kusa da shi, shi ma haka. Na ce yarinyar nan ta sa hannu a kan kujeru masu karyayyen hannu, gobe Turawa su gani su karɓe mata lasin. Na dube ta can baya tana ta lissafe-lissafenta, ba ta san wutar da ke ci a gabanta ba. In na gaya mata za ta ji kunya. Na ce a raina, amfanin tsoho ke nan a tafiya.

Na kwance wayar hannun jakata da robar. Na cusa noti a maƙogwaron hannun kujerar yadda ba zai motsa ba, na naɗe da waya, na murɗe ta da gindin cokalin shayi tun da an raba ni da filaya, na bi da roba na lulluɓe tsaf. Na gwada da ƙarfina duka. Ko gezau. Na yi na biyu, na yi na uku, noti ya ƙare. Sauran na bar su da addu'a. Na koma kujerata da jaka a rungume, tun da ba ta da hannu kuma, na yi barci mai daɗi irin na wanda ya rufa wa zuri'arsa asiri.

Mun sauka wani gari a bakin teku muka sha mai, muka ƙara gaba, sai ga mu a Ayilan cikin yayyafi. A wurin shige da fice wata mata mai tabarau ta tambayi abin da ya kawo ni. Na ce wa Bilkisu ta gaya mata mun rako bijimi gidan mai shi. Ban san abin da ta fassara ba, amma ya fi nawa gajarta. An buga mini hatimi ke nan sai wani ɗan kare mai dogon kunne, sanye da riga kamar ma'aikaci, ya zo ya zauna a gaban jakata ya ƙura mini ido. Kilishin da Dije ta ƙunsa mini ya jiyo. Suka ce ba a shiga musu ƙasa da nama. Na ce wannan ai ya wuce nama, ya zama tarihi. Suka ɗauke duk da haka, suna ta ba ni haƙuri. Mutanen nan ko ƙafarsu ka taka su za su ba ka haƙuri. Karen dai bai ba ni ba.

A hanyar masauki na ga abin mamaki. Shanu ne kwance cikin ciyawa har gwiwa, tumaki birjik an shafa musu fenti a gadon baya, wannan ja wancan shuɗi, kuma ba makiyayi ko ɗaya. Ba sanda, ba kare, ba yaro a kan tudu. Na tambayi direba wa ke tsaronsu. Ya ce ba kowa. Na tuna yadda mutanen Wurma, can wajenmu, ke kwana da kunne ɗaya a garke saboda ɓarayin shanu, na juya fuskata ga taga don kada Bilkisu ta ga idona.

Masaukin ba laifi, sai dai famfon wankin hannu baki biyu ne, nesa da juna. Ɗaya yana zubo ruwan da zai fige kaza, ɗayan kamar an tatso shi daga ƙanƙara. Alwala a wurin nan sai mai sauri: ka ƙona hannu a dama, ka garzaya hagu ka yi masa jinya. Buta kuwa babu. Na sami wata ta ƙarfe mai igiyar lantarki a kan tebur na yi ta hidimata da ita, sai da Bilkisu ta leƙo gaishe ni ta gan ta a bakin makewayi ta kama kai. Wai ta dafa shayi ce. Abinci kuma dankali ne. A faranti ɗaya aka kawo mini dankali dafaffe, da dankali soyayye, da dankalin da aka kirɓa, aka tambaye ni ko ina son ƙarin dankali a gefe. Amma man shanunsu, in faɗi gaskiya, ya fi na Kutawa. Kada wanda ya kai wa matan Jauro wannan magana.

Da safe aka kai mu garejin jirgi. Na shiga da bismilla ina neman inda zan taka, don daɓen ya fi farantin gidana tsabta. Ba baƙin mai, ba tsohuwar taya, ba mai sayar da rake. Kowace sufana an zana mata inuwarta a jikin allo, in ba ta dawo kan inuwarta ba, ba mai tafiya gida. Babban mai dubawa wani dogon Bature ne mai jan gemu, da tocila a hannu ɗaya da ɗan madubi mai sanda a ɗayan. Yana fara zagaya jirgin na ce wa Alhaji, "Ga Jauro Buba an wanke." Ya shafa cikin jirgin, ya leƙa ƙarƙashin fiffike, ya ɗaga kofato, wato tayoyi. Har wata siririyar igiya mai ido ya zura a maƙogwaron injin yana kallon hanjinsa a talabijin. Duk inda ya duba sai ya waiwayi takarda, Bilkisu ta miƙa masa, ya gyaɗa kai. Kwana da kwanaki ana wannan, ni ina gefe da kofin shayi ina lura da aiki.

Ranar da suka shiga duba kujeru na gyara zaman hulata na bi su a baya. Jan-gemu yana tafe yana ɗaga hannun kowace kujera yana saukewa, yana ɗagawa yana saukewa. Na ce a raina, ka ga irin ɓarnar da na tarar. Sai ya iso kan nawa. Ya ja, bai motsa ba. Ya sa hannu biyu. Ya durƙusa ya haska tocila, ya daɗe a durƙushe. Ya kira wani, wanin ya kira wani. Aka kawo abin ɗaukar hoto, aka ɗauka ta sama, ta ƙasa, aka ajiye ɗan ma'auni a gefe aka sake ɗauka. Ni kuwa ƙirjina ya cika. Shekara da shekaru ina aiki a Dutsin-Ma ba wanda ya taɓa ɗaukar hoton gyarana.

Jan-gemu ya miƙe ya juya ga Bilkisu. Turancina na aji huɗu ya kamo mini kalma biyu uku: wa ya yi wannan? Ya nuna mata inda ta sa hannu a takarda, ya nuna robar. Bilkisu ta dubi robar, ta dubi jakar da nake rungume da ita, ta sunkuyar da kai. Ya sake tambaya, a hankali, irin tambayar alƙali. Alhaji ya cire hula yana share zufa a cikin sanyin nan. Ita dai ba ta ce uffan ba.

Daga baya ne na gane cewa yarinyar nan ta zaɓi a karɓe mata lasin da ta nuna kakanta da yatsa a gaban baƙi. A lokacin kuwa abin da na gani daban ne. Na ga ana yabon aiki, kuma jikata ta yi lamo za ta cinye yabon ita kaɗai.

Na ture wani Bature na kutsa. Na bugi ƙirji na ce, "Ni ne! Iro Bakanike, Kurfi! Ke Bilki, ki ji tsoron Allah, gaya musu aikin wa ne!"

Ta ɗago ido jajur ta ce, "Kaka, hannun kujera dama ɗagawa yake yi. Haka aka ƙera shi."

Na ce, "Duka?"

Ta ce, "Duka."

Na sauke hannuna daga ƙirji a hankali na mayar da shi aljihu.

Aka zaunar da ni a ofis, Bilkisu tana fassara. Jan-gemu ya ɗora noti ɗaya a kan farar takarda ya tambayi asalinsa. To nan fa aka zo fagena. Na ce daga gingimarina ya fito, wajen ƙafar baya ta hagu. Kafin nan yana jikin injin niƙan wani Bayarabe a Dutsin-Ma, shi kuma a kasuwar Kurfi ya saye shi cikin tarkacen wata tarakta da ta mutu tana tsaye. Wallahi duk ya rubuta, har ya tambayi yadda ake rubuta gingimari. Sannan ya ce in tashi in nuna musu duk abin da hannuna ya taɓa tun daga Kano. Haka na bi jirgin nan daga kai zuwa wutsiya, Turawa na biye da ni da tocila, ina cewa nan na dafa, nan na jingina, nan na ƙwanƙwasa don in ji ko ƙarfe ne. Duk inda na nuna sai a manna jar takarda. Kafin mu gama jirgin ya koma kamar mai ƙyanda.

Suka kwance duk inda aka manna suka duba, suka cire hannayen kujerun da na yi wa aiki suka sa sababbi masu takarda, Alhaji ya ɗauki nauyin kuɗin. A ƙarshe Jan-gemu ya rubuta cewa fasinja ne ya yi gyaran bayan injiniya ta riga ta sa hannu, kuma aikinta ba shi da aibu ko ɗaya. Na dangwala yatsa a ƙasan takardar. Bilkisu ta karanta takardar sau biyu ta fita waje cikin yayyafi, ta daɗe ba ta dawo ba. Notin kuwa suka mayar mini a cikin 'yar leda mai lamba da rubutu. Yau a duk Kurfi su ne kaɗai noti masu takardar haihuwa.

Alhaji ya ajiye musu jirginsu ya ɗauki wani haya, wanda sai daga baya za a kawo masa. Na ce masa, "Ka gani? Da naka ne na kanka, wa zai tuhumi notina?" Bilkisu ta ce ko nasa ne dokar ɗaya ce, sai dai a lokacin ba mai dubawa a ƙarshen wa'adi, notin zai yi ta yawo da alhazai a sama har ranar da Allah ya tona. Wannan ce maganar da ta yi mini ta ƙarshe har Kano. A jirgin fasinja muka dawo, an sa ni a tsakiya, Alhaji a dama ita a hagu. Muna zama ta ɗaga hannun kujerar da ke tsakaninmu ta bar shi a tsaye, don in yi ta kallonsa.

Da muka iso Kurfi maƙwabta sun cika zaure. Bilkisu ta kama hannun rigata ta kai ni gaban Dije ta ce, "Iya, ga aronki. Duba ki gani, ba ragi ba ƙari."

Dije ta dube ni sama da ƙasa irin duban Jauro, ta dubi jakar da ba hannu, ta ce, "Mi ya taɓa?"

Ban bari Bilkisu ta amsa ba. Ganin jama'a ya sa na gyara murya na fara bayani, cewa na je na gani da idona, kuma har gobe ina kan bakana: haya wulaƙanci ce, mai hankali saye yake yi ya riƙe abinsa har ƙarshe. Na juya na ce, "Ko ba haka ba, Dije?"

Ta ce, "Ni za ka tambaya? Ai ni ce na riƙe har ƙarshe. Da haya na ɗauko ka, Malam, da tun ranar da ka gyara mini keken ɗinki na mayar wa danginka da kayansu na karɓo mai jini a jika."